Gurnanin Motar Auta

Idon Inna ya yi rauni shekara huɗu ke nan, inuwa kawai take gani, amma kunnenta ras yake. Tana kwance a ɗaki za ta gaya maka wanda ya buɗe firji, da ko kofin roba aka zuba wa ruwa ko na ƙarfe. Mu uku ne 'ya'yanta. Ni ne babba, sai ƙanwata da ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, sai Auta, wanda na ba shekara goma sha shida.

Ni walda nake yi, ƙofofi da tagogi da gadaje. Kullum in na rufe shago ƙarfe biyar da rabi, gidan Inna nake fara zuwa kafin in je nawa. Ni nake ɗiga mata maganin ido. Ni nake kai ta asibiti farkon kowane wata. Ƙarfen da take dafawa daga ɗakinta zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa ƙofar waje, ni na lanƙwasa shi, ni na goge kaifinsa da hannuna. Auta aikin ofis yake yi a can ɗaya gefen gari. Ranar Asabar yake zuwa, wata Asabar ɗin ma sai dai waya.

Ban taɓa ƙorafi ba. In na shiga na yi sallama, Inna za ta ce, "Babba, an tashi?" In ce an tashi. Ta ce sannu. Shi ma Auta in ya shigo haka ake masa, sai dai a ƙara masa da dariya, kuma wannan na saba da shi tun yana cikin zani.

Motarmu iri ɗaya ce ni da shi, kamfani ɗaya, shekara ɗaya. Ni na fara saya. Da ya tashi sayen tasa ni na raka shi, ni na shiga ƙarƙashinta na duba tsatsa. Tawa ruwan toka, tasa shuɗiya. Motoci ne marasa hayaniya, sai ka tsaya a ƙofar gida ba wanda ya sani.

Wata Asabar ina tsugune gaban Inna, na riƙe mata fatar ido da ɗan yatsa, ɗigo na farko ya shiga, na biyu yana bakin kwalba, sai ta juya kai. Maganin ya gangara mata a kumatu.

"Inna, ki tsaya mana."

"Yi shiru."

Na yi shiru. Ban ji komai ba sai fanka. Can sai na ji shi, wani gurnani mai kauri daga kwanar layi, wajen kantin da ke saman gangara, kamar mota tana jan numfashi ta baki.

"Auta ne," in ji ta. "Ina ɗankwalina?"

Matar da sai mun haɗu ni da ƙanwata muke ɗaga ta ranar asibiti, ita ce ta dafa gefen gado ta miƙe ita kaɗai. Ta lalubo sanda, ta kama ƙarfen bango, ta bi shi har ƙofa. Kafin Auta ya kashe mota tana tsaye a bakin ƙofa, sauran haƙoranta duk a waje. Ni kuma ina bayanta da kwalbar magani a hannu.

"Tun yaushe aka fara wannan?" na tambayi ƙanwata.

"Tun waccan Asabar da ba ka nan. Ya zo motar tana wannan kukan, ta tambaye shi, ya ce sabuwar muryarta ke nan. Shi ke nan ta riƙe."

Auta ya fito yana cewa tsohuwa mai ran ƙarfe, ita tana cewa ja'iri, tun daga kwana na ji ka. Ta shafa kansa, ta shafa kunnensa, ta ce ya rame. Bai rame ba. Tumbinsa ya fi nawa.

"Yaya, zo ka ga aiki," in ji shi, ya buɗe bonet.

Baƙin akwatin robar da matatar iska take zama a ciki babu shi. A wurinsa an sa wani bututu mai ƙyalli, kaurin damtsena, da wata jar matata a bakinsa mai siffar mazurari.

"Wannan fa?"

"Hanci aka buɗe mata. Da tana shaƙar iska kamar mai mura. Bayan nan aka jona mata kwamfuta aka sake mata saiti, don fetur ya yi daidai da iskar. Yanzu in ka taka, sai ta manna ka da kujera."

"Ina za ka da sai an manna ka da kujera? Ofis?"

"Kai dai Yaya ba ka son ci gaba."

"Salansa in ta fashe ma haka take kuka, kuma kyauta ne."

Daga bakin ƙofa Inna ta ce, "Bar shi, Babba. Murya ce mai daɗi. Kamar ta namiji mai faɗin ƙirji."

Asabar uku a jere na ga wannan abin da idona. Ɗankwali, sanda, ƙarfen bango, ƙofa. Ni kuwa sauran kwana shida na mako in zo in tsaya, in rufe mota, in shiga har tsakiyar ɗaki kafin ta san an zo. Da can wannan bai dame ni ba. Yanzu sai in tsaya a bakin ƙofar da babu kowa, in ji wani abu ya tokare ni a nan ƙasan haƙarƙari, kamar na haɗiyi ƙusa. Shekarata hamsin da uku. Ina da suruki. Na san abin kunya ne, sanin bai rage komai ba.

Matata ce ta fara ganewa. Ina cin abinci ina ture cokali, ta ce, "Wai me ƙaninka ya yi maka ne? Duk ranar Asabar sai ka dawo fuska kamar an ƙona ƙarfe."

"Ba abin da ya yi mini. Ina tunanin motata ce. Ba ta ja a hawa."

"Wace hawa? Daga nan zuwa shago ko tudun tururuwa babu."

"Ke kika san mota ko ni?"

"Kai ka sani," in ji ta, ta kwashe kwanuka. A bakin kicin ta juyo. "In don tsohuwa ce, ka buɗe baki ka gaya mata. Ya fi sauƙi."

Me zan ce wa Inna? Ki riƙa tashi in na zo? Abin da aka roƙa ba shi nake so ba.

Ban tambayi Auta inda aka yi masa aikin ba. A jikin bututun nasa akwai 'yar takarda mai lambar waya, na haddace ta lokacin da yake zuba mini bayani. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba ba ta kuɓuce mini.

Ranar Laraba da safe na je. Ban taɓa ganin gareji irin wannan ba. Ƙasa a share, an shafe ta da fenti, ko ɗigon baƙin mai babu. Mai wurin, wanda kowa ke kira Mai Kwamfuta, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, hannunsa kamar na ma'aikacin banki. Ya zagaya motar, ya dube ni.

"Baba, ta ɗanka ce?"

"Tawa ce."

"To madalla. Ƙarfi kake so ko ƙarancin shan mai? Don saitin kala-kala ne."

"Akwai wata shuɗiya irin wannan da ka yi wa aiki wata guda da ya wuce."

"Na tuna ta. Mai ita mutumin kirki, ga barkwanci."

"Irin nata nake so. Kukan ya zama ya kai nata, in ya fi ma ba laifi."

Ya ɗan yi murmushi ya ce kuka ai daga matata yake fitowa, ba daga saiti ba, amma in aka sa hanci ba a gyara saiti ba, injin zai riƙa samun iska fiye da abin da ya saba, ya yi ta kame-kame. Na ce ya yi duk abin da ake yi.

Na ja kujera na zauna kusa, don ba na barin mota a hannun wani in tafi. Ya ɓalle maƙalan akwatin guda huɗu, ya kwance zoben da ya riƙe tiyo, ya ɗaga akwatin gaba ɗaya. Akwai wata 'yar na'ura mai waya a jikin tiyon, ya ce ita ke auna iskar da ke shiga. Ya ciro ta a hankali kamar ƙwai, ya hana ni taɓa bakinta, ya mayar da ita jikin sabon bututu da ƙusoshi biyu. Ya kafa wani faifan ƙarfe tsakanin jar matatar da injin, wai don kada ta riƙa shaƙar zafi. Ƙarfen da ya riƙe faifan na duba waldarsa, kashin kaji ce zalla. Na gaya masa. Ya ce daga kamfani ya zo haka. Na ce to kamfanin ba su iya ba.

Sannan ya jona wa batir caja, ya shiga mazaunin direba, ya cusa waya a wani rami da ke ƙarƙashin sitiyari wanda shekara shida ina tuƙa motar ban san da shi ba. Ya ɗora kwamfuta a cinya.

"Baba, don Allah kada ka taɓa makulli, kada ka buɗe ƙofa. In abin nan ya yanke a tsakiya, motar ta zama gawa."

Wani koren layi ya riƙa tafiya a fuskar kwamfutar kamar hawainiya. Fankar injin ta tashi da kanta ta mutu. Fitilun gaban direba suka kunnu duka suka ɗauke. Na zauna ina kallo, ina jin kamar na kai lafiyayyen mutum a yi masa tiyata.

Da ya gama ya nuna tsohon akwatin. "A sa maka a but?"

"Me zan yi da shi? Ba masu gwangwan."

Muka fita gwaji. Gaskiya ɗaya ce, motar ta canza. Da na taka totur a giya ta biyu, sai ta yi wani haushi daga gaba ta zabura, wuyana ya koma baya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya ce in riƙa sa mata fetur mai kyau, in wanke matatar in ta yi datti, in kiyayi ruwa mai zurfi. Rabin maganarsa ban ji ba. Agogo nake dubawa.

Ranar ban iya aikin kirki ba. Ƙarfe biyar na rufe shago. A kwanar layin Inna, daidai kanti, na sauko giya ta biyu na taka. Layin duka ya amsa. Na gangara a hankali kamar yaron da za a kai gidan surukai.

Tana bakin ƙofa.

Ɗankwalin a karkace, don ta yi sauri. Sanda a hannun hagu, hannun dama ta ɓoye shi a bayanta. Fuskar nan a buɗe, irin buɗewar da rabona da ganin an yi mini ita tun ina da gajeren wando. Na fito. Ban yi magana ba. Na taka har gabanta.

"Yau Laraba kuma? Lafiya dai ko? Ko korar ka suka yi, ja'iri?"

Ta jingina sandar da bango, ta miƙo hannu, ta taɓa ƙirjina, ta hau zuwa gemu. Auta ba shi da gemu. Ta ja hanci, ta ji ƙaurin ƙarfe a rigata. Hannun ya tsaya, sannan ya sauka.

"Babba?"

"Ni ne, Inna."

"Motar ƙaninka ka aro?"

"Tawa ce. Na kai an yi mata irin aikin."

"To," in ji ta. Ta fito da hannun da ke baya, lemo biyu ne a ciki. Ta juya su, ta miƙo mini ɗaya. "Ungo."

Lemon da na kawo mata ne ranar Litinin. Na san shi, ni na zaɓa. Ashe ba sha take yi ba, ajiya take yi.

Komawa ɗaki sai da na riƙe ta. Ƙarfin da ya kawo ta ƙofa bai mayar da ita ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni ban tsaya ba. Washegari na sake takawa a kwana, na sake samun ta a ƙofa. Rana ta uku ma haka. Abin da nake samu bai wuce daƙiƙa uku ba, daga lokacin da na buɗe ƙofar mota zuwa lokacin da ta gane takuna. A cikin daƙiƙa ukun nan fuskar tawa ce. Bayan nan sai ta ce, "Au, Babba, an tashi?" mu koma ciki ina riƙe da ita. Na san ba ni ake fitowa tarya ba. Na ce a raina ko na wani ne, ni dai na karɓa.

Asabar ɗin makon Auta bai zo ba, an tura shi wani gari. Don haka kwana takwas a jere Inna tana tashi, kwana takwas ni take samu.

Rana ta tara ƙanwata ta tare ni a tsakar gida tana wanke-wanke, ko sannu ba ta ce mini ba.

"Yaya, ka ga gwiwar Inna kuwa?"

"Me ya same ta?"

"Ta kumbura kamar ƙwarya. Da sau ɗaya take wannan tafiyar a mako, ta kwana biyu tana hutawa. Yanzu kullum. Jiya saura kaɗan ta kife a wajen banɗaki."

"Ai ta san lokacina. Biyar da rabi. Ta zauna abinta."

"Na gaya mata. Ta ce in shi ne ya zo a lokacinka fa? Ya tarar ba kowa a ƙofa?"

"Sai ya shigo da ƙafarsa kamar kowa. Ƙafar zinariya gare shi?"

Ta ajiye soso ta dube ni. Ni na goya yarinyar nan, amma kallon da ta yi mini kamar ita ce babba.

"Cire abin nan, Yaya. Gemu fari-fari kana gasa da Auta."

"Motata ce. Ba wanda ya saya mini."

Na shige ɗaki. Na ɗiga maganin, na ga gwiwar, na kawar da kai.

Ranar Juma'a na taka a kwana, na gangaro, ƙofa ba kowa. Na zauna a mota na ɗan jima. Da na shiga tana kwance, ta ce, "Babba, an tashi?" kamar da.

Asabar ta zo. Da hantsi na kai motar wajen masu wanki a bakin titi, na tako da ƙafa, don ƙanwata ta ce famfon bayan gida yana zuba. Ta ƙofar baya na shiga. Inna tana gyangyaɗi, ban tashe ta ba. Ina durƙushe da sifana a hannu na ji gurnanin daga kwana. Na ajiye sifana na leƙo ta baranda, inda nake hango gadonta.

Ta ɗaga kai. Ta karkata kunne. Hannunta ya tafi wajen ɗankwali, ya taɓa shi, ya tsaya a kai. Ta daɗe a haka. Sannan ta janye hannun.

"Babba ne," ta ce wa ƙanwata. "Ya shigo. Ƙafata ta gaji."

Ta juya fuska bango.

A waje Auta bai kashe mota ba. Ya taka sau ɗaya, ya jira. Ya sake takawa. Ina jin sa. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har ciki. Na ce yau kai ma ka ɗanɗana ƙofar da babu kowa.

Ya kashe. Ya shigo da gudu-gudu, ledar tsaraba tana bugun ƙafarsa.

"Yaya, ina Inna? Ba ta da lafiya ne?"

Muryarsa ta shiga ɗakin kafin shi. Inna ta zabura, ta nemi tashi, gwiwar ta ƙi, ta koma zaune da ƙarfi har gadon ya yi ƙara. Ta shiga lalube a iska.

"Auta? Kai ne a waje? Kai ne na bari a tsaye?"

"Ba komai, Inna, ga ni ai."

"Na ji ka sarai. Na ce Babba ne." Ta kama kunnenta na dama ta ja shi, kamar abin da ya yi mata laifi. "Ido ya tafi na haƙura. Yanzu kunnen ma ba ya raba mini 'ya'yana. To me ya rage?"

Ba ta yi kuka da murya ba. Ruwa ne kawai ya riƙa fita daga idon nan da nake ɗiga wa magani kullum. Ta ce wa ƙanwata in an je asibiti farkon wata a nuna ta wajen likitan kunne. Ƙanwata ta ce to, tana kallona ta saman kan Auta. Sanyin da na ji ɗazu ya koma wani abu dabam.

Daga baya Auta ya same ni a wajen famfo. An gaya masa komai, amma dariya yake yi.

"Yaya, ashe kai ma ka shiga layi? Salansa ta fashe, ko? Da ka gaya mini ai da ni zan kai ka, mutumina ne."

"Miƙo mini wancan zoben."

Ya miƙo. "Amma abin ya rikita tsohuwa. Ko in cire nawa ne? Ni wallahi don gudu na sa, ban san za ta ɗauke shi da girma haka ba."

Wannan ce maganar da ta fi ƙona ni. Abin da na kwana ina tunani, na kashe kuɗi, na zubar da girma a kansa, shi bai ma san yana da shi ba. Kuma a shirye yake ya yar.

"Kada ka kuskura ka taɓa taka," na ce masa.

"To taka fa?"

"Ba ruwanka da tawa."

Kafin in tafi na shiga wajen Inna na zauna a bakin gado.

"Kunnenki lafiya lau yake. Mota iri ɗaya ce, aiki iri ɗaya, mutum ɗaya ya yi. Wanda ya ƙera su ma ba zai raba ba. Daga yau ba za ki ƙara jin tawa ba. In kin ji, shi ne."

"Me ya kai ka tun farko?"

"Don ta riƙa ja a hawa."

"Kai da ba ka sauri," in ji ta.

Cirewa dai ban cire ba. Akwatin ya tafi wajen masu gwangwan, kuma ba zan koma gaban Mai Kwamfuta in ce ya mayar mini da tsohon saitin ba, ya yi mini wannan murmushin nasa. Ban da haka ma, motar tana ja, kuma ina son ta haka.

Ranar Litinin na gwada shigowa a hankali, ƙafata da ƙyar take taɓa totur. Da na shiga ƙanwata ta ce Inna ta ɗaga kai tun ina tsakiyar layi, wai ta ji shaƙar. Ashe ko ba a taka ba, hancin yana wani siririn huci da ni ba na ji.

Ranar Talata sai na yi dabara. Daga kanti zuwa gidan Inna gangara ce. Tun kafin kwana na cire giya, na murɗa makulli baya taki ɗaya, yadda injin zai mutu sitiyari bai kulle ba. Motar ta sulala. Sitiyarin ya yi nauyi kamar ana murɗa ƙofar kurkuku. Burki ya ba ni taku biyu masu laushi, na uku ya zama dutse, na wuce gidan da tsawon mota biyu kafin in ja burkin hannu. Mai kanti ya biyo ni da jarka yana tambaya ko mai ne ya ƙare. Na ce masa gwaji nake yi. Kwana uku na ƙware, ina tsayawa daidai ƙofa da taku ɗaya. In zan tafi, sai in sake ta ta gangara har ƙarshen layi kafin in tayar.

Matata da ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ka sayi murya, ka koma bebe."

Asabar ta farko bayan nan Inna ba ta tashi ba. Ta ji gurnanin, ta tambayi ƙanwata sau biyu ko ta tabbata ba Babba ba ne, kafin su gama Auta ya shigo. Gwiwar dai ta saɓe. Maganar likitan kunne ba ta bar ta ba, kullum sai ta tuna mana.

Asabar ta biyu na zo da wuri don in kai mata sabon magani. Na sulalo, na tsaya, na tura ƙofar mota a hankali. Ina kan matakalar farko, ban kai ga yin sallama ba, gurnanin ya taso daga kwana.

Na tsaya inda nake. Ba wanda ya san ina nan. Cikin gida shiru. Motar tana gangarowa, ciki shiru. Sai na ji gado ya yi ƙara. Ba ta tambayi kowa ba. Na ji sanda a kan siminti, ɗaya, ɗaya, tana matsowa, tana haki.

Ta fito bakin ƙofa, kafaɗarta ta bugi tawa. Ko firgita ba ta yi ba, ta ja hanci sau ɗaya.

"Babba, riƙe ni nan. Yau har ƙasa nake so in sauka."

Na riƙe ta. Matakala uku ce, muka sauka ɗaya bayan ɗaya, duk nauyinta a kan hannuna, yatsunta sun nutse a damtsena. Fuskarta tana wajen titi.

"Na ce shi ne," in ji ta. "Ko ba shi ba ne?"

"Shi ne, Inna."

Shuɗiyar motar ta tsaya a bayan tawa. Ta saki hannuna ta miƙa nata gaba, ni kuma na matsa bayanta kaɗan, yadda in ta yi baya za ta faɗo a kaina.